Yoyon man giya: abin da na gani a ramin Magazin

Sana'ata hayar kanofi da kujerun roba. Aure ne, suna ne, addu'ar arba'in ce ko Maulidi, duk inda za a tara jama'a tsakanin Aboabo, Asawase, Sawaba har zuwa Tafo, da wuya ka rasa ganin tsohuwar fikof ɗina a bakin lungu, yara suna sauke ƙarafa suna ta hayaniya. Ford F-150 ce ƙirar 1999, inji V6 mai lita 4.2, giya otomatik. Ta tashar Tema ta shigo daga Amurka tun kafin in yi tunanin wannan sana'a, ta bi hannu da yawa kafin ta faɗo nawa. Tun 1974 da Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, motocin Amurka masu sitiyari a hagu suka zama 'yan gida, shi ya sa irinta ba baƙuwa ba ce a titunan Kumasi.

Fenti ya koɗe, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, shan fetur kuwa ba a magana. Duk wannan na saba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne jan man da ta fara bari a duk inda ta tsaya.

Mai irin sana'ata ba a bakin titi yake sauke kaya ba, har tsakar gidan mutane yake shiga da mota. Gidajen yanzu kuma kowa ya shimfiɗa tayil ko bulon siminti. Ranar wani suna a Sawaba, mun gama sauke kujeru na ja mota gaba, sai uwargidan ta zo ta tsaya a kan wurin tana kallo. Ta ce, "Mai kanofi, motar taka jini take yi ne?" Na ce, "Hajiya, man giya ne, yanzu yara za su wanke." Ta ce, "Su wanke kam, baƙi na tafe." An zuba omo, an dirje da burushi, amma bulon siminti in ya sha mai ba ya mayarwa. Ta biya ni cif, ba ta rage ko sisin kwabo ba. Ba ta kuma sake kirana ba.

Tabon gidan mutane ma shi ne ƙaramin abin. Wanda ya saba da giyar hannu yana ɗaukar man giya abin shafawa ne kawai, ko ya ragu mota na tafiya, sai dai ta yi kuka. Otomatik ba haka take ba, a cikinta mai ne ke yin aikin. Famfon da ke gaban giyabos yana zuƙo shi daga tiren da ke ƙasa ta cikin filta, ya tura shi da ƙarfi ya matse farantan kuloci. Man ne kuma ke karɓar ƙarfin inji a cikin kwanbata, abin da ke haɗa inji da giyabos, ya miƙa wa giya, sannan ya bi bututu zuwa lagireto ya huce ya dawo. In ya ragu sai famfo ya fara zuƙar iska, matsi ya faɗi, farantai su riƙa sulɓewa suna cin kansu. Da asuba na fara lura: ka sa D, giyar tafiya gaba, ka jira, ka jira, sannan ka ji ta kama da ɗan bugu. Daga baya in na ɗauko kaya ina hawan tudu, Kumasi kuwa ba ta rasa tudu, sai inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba. Lokacin biki ya yi yawa, ba ranar da zan ajiye ta, sai na riƙa yawo da galan a bayan kujera ina ƙarawa. Kuɗin man da titunan Aboabo suka sha a wannan tsakanin ya kusa kai kuɗin gyaran gaba ɗaya.

Kawuna tsohon direba ne, ya yi shekaru yana jan manyan motoci, goro zuwa Legas, albasa daga Bawku. A wurinsa ciwon mota iri biyu ne, abin da ya kwance da abin da ya karye. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ga gefen tire a jiƙe, ya ce, "Kai yaro, wannan har sai an je Magazin? Notuna ne suka saki. Kawo sifana lamba 10 in ɗaure maka su yadda ba za su sake motsi ba." Na san hannun Kawu. Mutum ne da ke zura bututu a gindin sifana ya hau da ƙafa. Na ce, "To Kawu, Allah ya ƙara girma, dama akwai abin da zan saya a can, bari su duba gaba ɗaya." Ya ce kuɗi ne ke min ƙaiƙayi.

Magazin ɗin Suame, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, ba wurin da za ka shiga ka tsaya gaban fita, wato makanike, na farko da ya ɗaga maka hannu ba ne. Gari ne guda, dubban masu aikin hannu, kowa da abin da ya iya: mai walda, mai lantarki, mai juya ƙarfe, mai zubi, mai sifirin, mai famfon dizal. Yawancin mastocin da suka yi suna a kan Benz da DAF da MAN suka koyi aiki, giyar hannu, ƙarfe mai kauri da ke son a ɗaure shi tamau. Masu otomatik daban suke, kuma ba su kai waɗancan yawa ba. Wani abokina mai taksi ne ya kwatanta min wani, mutumin Bawku da ya tashi a Moshie Zongo. Ni yana min Hausa, yaransa yana musu Twi, in ransa ya ɓaci ya haɗa duka.

Abin da ya fara sa na yarda da shi, bai taɓa sifana ba. Ya sa aka hau da motar kan rami, ya shiga da tocila, ya daɗe, ya fito ya ce a wanke. Na ce, "Masta, ai tiren ne, ga shi nan sharkaf." Ya ce, "Maigida, tire shi ne ƙasan kowa. Duk wanda ya yi yoyo a sama, a kansa zai sauka, sai a kama shi da laifin da ba nasa ba." Ya ja ni cikin ramin yana nuna min da yatsa. Bututun geji, sandar duba yawan mai, yana da robar da ke toshe gindinsa, in ta bushe mai yana biyo gefe. Sandar da ke shigar da giya tana da sil nata, robar da ke hana mai fita. Akwai mahaɗin bututu biyu masu zuwa lagireto, akwai soket ɗin wayoyi, akwai sil na baya inda furofela, sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya, ke shiga. Akwai kuma na gaba wajen kwanbata, wanda ya ce in shi ne, to in fara lissafin sauke giyabos gaba ɗaya. Ko cika mai fiye da ƙima yana sa ya yi kumfa ya tofo ta ramin numfashin da ke sama. Duk waɗannan in mota na gudu iska tana kwashe man ta shafe ƙasa da shi, ka leƙa ka ga ko'ina a jiƙe, ba ka san daga ina ya taso ba.

Yara suka wanke da kananzir, suka bi da omo da ruwa, aka busar da iskar kwamfuresa. Sai Masta ya zaro kuɗi ya aiki ƙaraminsu kiyos ya sayo hodar jarirai. Na zaci wasa yake. Ya barbaɗe giyabos da ita tun daga sama har gefen tire, ƙarƙashin motar ya yi fari fat yana ƙamshin ɗakin mai jego, ya ce in zagaya har Maakro in dawo. Da muka koma ramin, magana ta ƙare. Sama duka fari ne ƙal. Daga daidai layin da tire ya haɗu da jikin giyabos ne jan zare ya sauko a kusurwar baya, wani kuma a gefen direba, sannan kawunan wasu notuna sun yi ja a kewaye. Sil na baya ya ɗan yi gumi, hoda ta canza launi amma bai ɗiga ba. Ya ce wannan zai iya jira. Tiren ne dai, amma yanzu da shaida.

Muka zauna mota ta huce, don man da ya yi tafiya yana iya sale fata. Na sayi waakye, shinkafa da wake, na ci a inuwar wata gawar tifa.

Giyar wannan mota 4R70W ce, mai giya huɗu na gaba, kuma tirenta ba shi da notin tsiyayar da mai. Noti 14 ne ke riƙe da shi, in za ka fitar da mai sai ka sauke tiren da mansa a ciki. Wanda bai iya ba wanka yake yi. Yadda suka yi, sun ajiye baho mai faɗi, suka kwance na baya gaba ɗaya, na gefe suka sassauta, na gaba suka bari suna riƙe, don tiren ya karkata ta kusurwa ɗaya mai ya zubo a hankali. Sai dai bai karkata ba. An cire notuna ya ƙi motsi, ya manne. Babban yaron ya ɗauko sukudireba zai ɓamɓare, Masta ya daka masa tsawa. Jikin giyabos alminiyam ne, in ka yi masa kwarzane a fuskar da gaskit, shimfiɗar da ke tsakaninsa da tire, ke zama, ka buɗe wa mai hanyar da ba ta rufuwa. Da siririyar wuƙar fenti ya bi gefen a hankali har ya saki.

Abin da ya manne shi silikon ne. Wani a baya, ban san ko waye ba, ya lafta shi sama da ƙasa a kan gaskit na toto, ya ɗaure. Wanda ya matso waje ana ganinsa, ba ya cutar da kowa. Wanda ya matso ciki shi ne abin tsoro. Masta ya tsoma hannu a ragowar man ya ɗago zarurruka ja masu laushi, wasu tsawon ɗan yatsa, wasu kuma sun riga sun maƙale a bakin filta. Ya ce, "Ka ga wannan? A cikin giyar nan akwai hanyoyin mai da ba su kai kan ashana faɗi ba. Guntu ɗaya ya wuce, mota ta ƙi canja giya, a ce maka giyabos ya mutu."

Ya ciro maganaɗisun da ke kwance a ƙasan tire. Ya yi gashi da wani laka mai launin toka. Ya shafo ya murza tsakanin yatsu, ya miƙo min ya ce in murza. Sumul, ba tsakuwa ko ɗaya. Ya ce wannan cin shekaru ne, kowace giya tana yin sa. Abin da ba ya son gani shi ne ɓarɓashin ƙarfe da ke sukar yatsa, ko ƙyallin tagulla, ko baƙin gari mai yawa na farantan da suka ƙone. Ya sunsuna man. Ya yi duhu, ja ya koma ruwan ƙasa, amma ba ƙauri. Da ya ga ya yi fari-fari mai kauri, to ruwa ne ya shigo daga lagireto, wannan kuma wata magana ce daban. Sai a lokacin na ji numfashina ya dawo daidai.

Wani abu da ya gaya min ya ba ni dariya. Ya ce in ya sauke tiren irin wannan giya yakan duba ko akwai wata 'yar roba ruwan ɗorawa mai siririyar jela tana yawo a ciki. Toshiyar ramin geji ce ta masana'anta, lokacin haɗa mota ake tura ta ta faɗa ciki ta zauna. In ka same ta, ba a taɓa buɗe tiren ba tun da aka ƙera motar. Ya ce ya ga yaran da suka tsince ta suka yi ta neman inda za su mayar. A tawa babu ita, an daɗe da riga mu.

Aka wanke tiren tas, aka kankare silikon, Masta ya ajiye shi a kan tebur ya ɗora rula ta ƙarfe a gefensa ya ce in sunkuya in duba ta hasken rana. Nan na ga ciwon da idona. Rula ba ta kwanta ba, tana lilo. Kowane ramin noti ya tasa ya yi ɗan tudu, tsakanin rami da rami kuma haske yana wucewa ta ƙarƙashi. Tiren farantin ƙarfe ne siriri da aka buga a inji. In ka matse noti fiye da ƙima, kansa yana danna ƙarfen ya lotsa zuwa sama, sai tudun ya riga sauran gefen taɓa jikin giyabos. Gaskit ya matsu a bakin rami har ya tsage, tsakiya kuma ya zauna sakwa-sakwa, mai ya samu hanya. Mai mota ya ga ɗigo ya ce a ƙara ɗaurewa, tudu ya ƙaru, ɗigo ya ƙaru, a kawo silikon. Tsohon gaskit ɗin ya tsage a ramuka da yawa, duk a wuri iri ɗaya. Notunan ba su taɓa saki ba. Ƙarfi ne ya yi musu yawa.

Ina ganin wannan ciwo ya fi yawa a wurinmu saboda tarbiyyar hannunmu ce haka. Yaron da ya koyi aiki a kan taya da sifirin na babbar mota, abin kunya a wurinsa shi ne a ce notin da ya ɗaure ya kwance a hanya. Ba wanda ke zaginsa don ya ɗaure da yawa. Mu masu mota ma muna da hannu, in ba mu ga fita yana nishi ba sai mu ga kamar bai ci kuɗinsa ba.

Gyaran kuwa ba tsada. Ya ɗora gefen tiren a kan miƙaƙƙen ƙarfe mai kauri, ya ɗauki ƙaramar guduma mai kai zagaye, ya riƙa bugun kowane tudu a hankali, ƙwas, ƙwas, ya aza rula, ya sake. Bai yi sauri ba, bai kuma bar wa yaro ba. Da ya gama duka 14 rula ta kwanta lif. Sannan ya zuba kananzir a ciki ya ajiye a kan busasshen kwali. Motocin da suka fito daga jihohin sanyi na Amurka sun sha gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara, tsatsa takan huda tire ta yi ƙofar da ido ba ya gani. Kananzir ya fi mai ruwa-ruwa, in akwai huda zai tona. Kwali ya tashi a bushe.

Rami ɗaya a jikin giyabos zarensa ya cinye, noti yana juyawa ba ya kamawa, aikin hannun nan dai. A nan ake gane amfanin Magazin: aka taka ƙafa kaɗan aka kira mai juya ƙarfe, ya zo ya faɗaɗa ramin, ya yanka sabon zare, ya murɗa 'yar waya mai kama da sifirin a ciki, noti na asali ya shiga ya kama. Wasu sukan cusa noti mafi kauri da ƙarfin tsiya. Alminiyam siriri ne a wurin, yana iya tsagewa.

Sayen kaya ya fi aikin cin lokaci. Filtar wannan giya ba noti ke riƙe ta ba, tura wuyanta ake yi a rami, robar da ke wuyan ta kama. In an ciro tsohuwa robar takan maƙale a ciki, wanda bai duba ba ya tura sabuwa a kanta, filta ta ƙi zama, famfo ya zuƙi iska. Masta ya zaƙulo ta da ɗan ƙugiya ya nuna min. Filtar kuma iri biyu ce, ta tire mai zurfi da ta marar zurfi, don haka tsohuwar muka ɗauka a leda muka shiga shaguna muna gwadawa. A cikin kwalin sabuwar akwai gaskit na roba mai laushi a nannaɗe. Ya ajiye shi gefe ya ce ba shi yake so ba. Gaskit na asali na wannan giya mai tauri ne, ƙarfe a ciki roba a waje, an yi shi ne don a goge a mayar, ba a jefar ba. Wanda ya fara buɗe tiren ya yar da gaskit mai kyau ya sa na banza. Mun sha yawo kafin mu samu irinsa, kuɗinsa kuma ya fi na kwalin, amma da ka riƙe shi a hannu ka san bambanci.

Sai mai. Littafin motar Mercon V ya ce. Mai shago na farko ya ce min, "Alhaji, jan mai duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne. Launin rini ne kawai ake sawa don a bambanta shi da man inji. Abin da ya raba su shi ne kaurinsu da yadda suke barin farantan kuloci su kama. Ko a gidan Ford ɗin, Mercon LV da Mercon SP ba sa maye gurbin Mercon V, balle man giyar CVT ta ƙananan motocin yanzu. Akwai kuma wanda ake ɗurawa a gorar ruwa ana sayarwa a bakin hanya don sitiyari, ba suna ba lamba. Na nemi mai hatimi a baki, na karanta bayan galan na ga an rubuta Mercon V, sannan na biya.

Wajen mayarwa ne na ga abin da ya kawo ni. Fuska biyu a bushe, ba silikon ko ɗigo. Maganaɗisu ya koma wurinsa. Yara biyu suka tallafi tire, Masta ya sa notuna 14 duka da yatsu, ba sifana, sai da kowanne ya shiga lafiya. Sannan ya buɗe akwatinsa ya ciro sifana mai awo, a nannaɗe cikin tsohon zani, wadda na lura ba ya bari yaro ya taɓa. Awon notin tiren nan tsakanin 12 da 15 ne a ma'aunin Newton-mita. Notin taya na wannan motar ya haura 130. Wato kusan kashi ɗaya cikin goma. Ya fara daga tsakiya, wannan gefe, wancan gefe, yana tsallakawa yana fita zuwa kusurwa, zagaye na farko rabin ƙarfi, na biyu har sifana ta ce ƙyat. Da na ga inda ya tsaya, wallahi raina bai kwanta ba, ni ma jinin Kawu ne. Na ce, "Masta, shi ke nan?" Ya ce, "Shi ke nan. Roba ce ke tare mai, noti riƙe ta kawai yake yi." Ya juya ga yaransa ya ce ranar da ba sifana mai awo, su riƙe ƙaramar sifana a wuya, ba a gindi ba, su ja da yatsu, ba da kafaɗa ba.

Giyar gaba ɗaya tana cin kusan lita 13, amma sauke tire lita 4 zuwa 5 kawai yake fitarwa, sauran yana cikin kwanbata da bututu. Ta bututun geji ake zubawa, da dogon mazurari mai tsabta. Ya zuba lita 4, aka tada inji, ƙafa a birki, ya bi da giya P, R, N, D, 2, 1, yana ɗan tsayawa a kowace, ya mayar P, ya duba geji inji na aiki, ya ƙara kaɗan. Nan ma mutane suna ruɗewa, don man inji a kashe ake duba shi, na wannan giya kuwa inji na tafiya, mota a wuri mai daidai. Mai yana kumbura in ya yi zafi, shi ya sa littafin ya ce a yi tafiyar kamar kilomita 30 tukuna, ya kai zafin digiri 66 zuwa 77, sannan a karanta. Muka bi hanyar Offinso muka juyo. Ƙasa mai daidai a cikin Magazin abu ne mai wuya, sai a gidan mai muka tsaya, ya goge geji da farin tsumma, ya mayar, ya zaro, mai ya tsaya cikin zanen da ke jikin gejin. Ya rage kaɗan a galan na ce a juye kawai, ya ƙi. In ya wuce zane, ƙarafan da ke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse kuloci.

Akwai maganar da kowa ke yi a tashar mota, cewa in ka canja man tsohuwar otomatik ka kashe ta. Masu faɗa sun ga abin da suka gani, ban ce ƙarya suke ba. Amma ka tambaye su yaushe aka canja man. Sai da giya ta fara sulɓewa, mai ya yi baƙi yana ƙauri, sannan aka tuna da shi. Farantan sun riga sun cinye, ɓarɓashinsu da ke yawo a tsohon man ne ke ɗan taimaka musu su kama. An zuba sabo, abin da ke ɓoye ya fito fili. A ganina giyar da laka a maganaɗisunta sumul yake, manta ba ƙauri, ba abin da sabon mai na daidai zai yi mata sai alheri. Balle ma kashi ɗaya cikin uku ne aka canja. Tawa dai jinkirin asuba ya tafi, tudun da take kuka a kai tana hawa shiru da kanofi da kujeru a baya.

Tsohon man aka juye a durom ɗin da suke tarawa masu saye su zo su kwashe. Na ji daɗin wannan, don duk wanda ya tashi a Aboabo ya san abin da ke bin kwata ina yake ƙarewa in ruwan sama ya sauko, a ɗakunan mutane. Sil na baya kuma mun yi magana sai bayan Babbar Sallah in biki ya lafa, shi ba ya bukatar a taɓa tire, furofela ake cirewa.

Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare, da safe ya tashi ba ɗigo. Kawu ya zo ya duba kwalin, bai ce komai ba, ya durƙusa ya shafa gefen tire ya dubi yatsansa. Ya tambayi nawa na kashe, na rage masa kaɗan. Ya ce, "Da nawa aka ɗaure notunan?" Na gaya masa. Ya girgiza kai ya ce wannan ai ba ɗauri ba ne, gaisuwa ce, mu jira ta sha ramukan hanyar Sawaba mu gani. Da ya shiga masallaci na buɗe akwatin mota na ɗauke sifana lamba 10 na kai ɗaki.